Robar da Aka Sa wa Baba a Wuya

Mahaifina mai wankin hula ne. Rumfarsa tana gefen hanyar da ke gangarawa wajen Kusugu, 'yar rumfar kwano ce mai benci ɗaya da bahuna biyu, sai jerin katakan da yake kifa huluna a kansu su bushe. In ka biyo ta wurin da hantsi za ka gan su a rana, ƙube da zanna da damanga, kowace ta sha sitaci ta miƙe. Tun kafin a haife ni yake wannan sana'a. A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu aikin ya ƙaru masa, don samari da yawa da a da suke yawo kai ba hula sun koma sanyawa. Har 'yan kasuwar Kongolam da ke bakin iyaka sukan tara nasu a buhu su ba direba ya kawo, su karɓa kafin Juma'a.

Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarami "kai yaro" nake. Da na fara koyarwa a wata firamare a Zango sai na koma "Malam". Ba mu saba hira ba. Gaisuwa ce, sai aike, sai kuma in ya ga datti a wuyan rigata ya bi shi da ido har in tsargu in tashi in sake wata.

Ban taɓa ganin mutum mai tsabtar Baba ba. Wanka safe da yamma, ko da ana sanyin da ruwan randa ke cizon hannu. Farcensa kullum a yanke, asuwaki a aljihu, ranar Juma'a kuwa ƙamshin turarensa kan riga shi fita zaure. Inna takan ce ita dai ta auri wanda ya fi ta iya wanki, in ta wanke masa riga sai ya ɗaga ta a rana ya duba hammata. Yana jin ta, sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da goge butarsa.

Ciwon ya fara ne da takalmi. Wata safiya takalminsa ya ƙi shiga, ya ce fatar ce ta motse. Bayan 'yan makonni fuskarsa ta kumbura, abinci ya fita ransa, ya riƙa amai da safe. Aka yi na gida, aka yi na kyamis, har dai na matsa muka je asibiti a nan Daura. Suka auna jininsa suka ce ya hau sosai, kuma da alama ya daɗe a haka ba a sani ba. Suka tura mu Kano. A can aka ce ƙodojinsa biyu sun gaji, sai an riƙa yi masa wankin ƙoda, wato a fitar da jininsa ta cikin inji a tace a mayar.

Don a samu hanyar da jinin zai bi, aka sa masa wata roba a gindin wuya, wajen dama. Kanta ɗaya yana cikin babbar jijiyar da ke zuwa zuciya, ɗayan yana waje, ya rabu biyu, ja da shuɗi, an rufe da auduga da filasta. An so a haɗa masa jijiya a hannu don a huta da robar, an ma yi aikin, amma jijiyar ba ta yi ƙwarin da ake so ba. Sai robar ta zauna.

Ranar da aka sa ta, wata nas ta tsaya a kansa ta ce, "Baba, ka ji ni da kyau. Kada ruwa ya taɓa nan. Ko ɗigo."

Ya ce, "To wanka fa, 'yata?"

Ta ce, "Daga ƙugu zuwa ƙasa ka yi yadda ka so. Sama kuwa sai dai a jiƙa tsumma a goge maka."

A mota, muna wuce Kazaure, ya ce da ni ba tare da ya dube ni ba, "Malam, mutum zai rayu ba wanka?"

Na ce, "Na ɗan lokaci ne, Baba."

Da muka dawo ya je wurin limamin unguwarmu ya tambaya. Liman ya ce ya wanke abin da zai wanku, ya yi taimama a madadin sauran, addini bai ɗora wa mutum abin da zai cuce shi ba. Baba ya karɓi fatawar, amma ransa bai karɓa ba. Inna ce ke goge masa baya da ƙirji da safe. In ta gama sai ya sunkuya ya shinshina kafaɗarsa ya yamutsa fuska.

Haka muka shiga rayuwar hanya. Sau biyu a mako nakan baro Zango a babur, in same shi ya shirya a zaure da rawani a wuya don ya ɓoye filastar, mu tafi tasha. Wani lokaci mu dawo a ranar, wani lokaci mu kwana gidan ƙanwarsa da ke aure a Kano. Rumfa ta koma hannun ƙanena, wanda bai gaji hannun Baba ba, kuma ya san bai gada ba. Duk da haka Baba ya ɗan murmure. Kumburin ya saɓe, ya koma cin tuwo, har ranakun da ba tafiya yakan je ya zauna a bencin rumfar yana gyara wa ƙanena bugun hula.

A cikin damina ne zazzaɓin ya zo. Yana kwance a kan inji, jini na zagayawa a robobi, sai na ga bargon da aka lulluɓe shi da shi yana rawa. Haƙoransa na haɗuwa. Aka ce ko na sauro ne, lokacinsa ne kuwa. Aka ba shi magani, ya lafa. Zuwa na gaba ya dawo, kuma a kan injin dai. A gida sai ya wuni lafiya, da la'asar jikinsa ya ɗau ɗumi, ba zafi sosai ba, ɗumi ne mai naci. Ya rame. Tafiya daga ɗaki zuwa zaure ta koma sai ya tsaya ya dafa bango.

Likitan da ke duba shi matashi ne, ba zai girme ni da yawa ba, mai magana a hankali. Ya sa aka ɗebi jinin Baba a wasu kwalabe aka kai ɗakin gwaji, ya ce za a ajiye a ga ko wani abu zai tsiro a ciki. Da sakamakon ya fito ya kira ni gefe.

Ya ce, "An ga ƙwayar cuta. Amma irin wadda ke zaune a kan fatar kowa ce, ni da kai duk muna da ita, ba ta yi mana komai. Sau da yawa a wajen ɗibar jini take bin allura ta faɗa kwalba, sai a zaci a jini take alhali ba ta can. Bari mu sake."

Na koma na ce wa Baba ba a ga wani abu ba, kuskuren allura ne. Na faɗa wa Inna ta waya, na ji tana hamdala. A ranar har tsire na saya mana a hanya, Baba ya ci yanka biyu ya ce yaji ya yi yawa.

Aka sake ɗiba, wannan karon daga hannu da kuma daga robar. Duka suka nuna abu ɗaya. Aka sake, haka dai. Sai aka kwantar da shi. Aka kai shi wani ɗaki mai duhu aka shafa masa wani abu mai sanyi a ƙirji, aka riƙa yawo da na'ura a kai, hoton zuciyarsa yana motsi a allo, fari da baƙi. Ni ban gane komai ba. Amma na ga mai ɗaukar hoton ya daina hira, ya tsaya a wuri ɗaya ya daɗe, sannan ya aika a kira likita.

A bakin gadon Baba likitan ya yi bayanin, don Baba ya ce shi ba yaro ba ne da za a riƙa fita da maganarsa waje. Ya ce a cikin zuciya akwai 'yan ƙofofi da ke buɗewa su rufe don jini ya bi hanya ɗaya kada ya koma baya. Ƙwayar nan ta bi jikin robar ta shiga jini, ta je ta manne a ɗaya daga cikin ƙofofin, ta yi gida, tana cin ta a hankali. Ya ce irinta tana son roba, in ta kama ta sai ta yi wa kanta wani yauƙi ta lulluɓe, magani ya yi ta wucewa ta sama.

Baba ya ce, "Daga ina ta zo? A asibitin nan na ɗauka?"

Likita ya ce, "Ba lallai ba, Baba. Ita a kan fata take zaune. Mai yiwuwa ma daga fatarka ce."

Ya faɗa ne don ya kwantar masa da hankali, na sani. Yana nufin ba wani baƙon abu ba ne, ba laifin kowa ba ne. Ya ma ƙara da cewa kowa yana da ita. Amma na ga lokacin da Baba ya daina ji. Ya sauke idonsa kan bayan hannunsa, ya juya shi, ya dubi tafin. A haka likitan ya tafi ya bar shi.

Da yamma na kawo mana abinci a kwano ɗaya kamar yadda muka saba tun da jinya ta haɗa mu. Na wanke hannu na zauna. Ya ce, "Raba."

Na ce, "Baba?"

"Raba, ka zuba mini nawa a murfi."

Na raba. Ya ci loma biyu ya ture. Can ya ce, cikin wata murya da ban san shi da ita ba, "Ashe ni ƙazami ne."

Na ce, "Subhanallahi, Baba, ba haka ya ce ba. Ya ce kowa yana da ita. Ni ma ina da ita."

Ya ce, "Kai ta shiga jininka?"

Na ɗauke murfin daga gabansa.

Ya ce, "Wata nawa rabona da wanka? Na faɗa maka a mota. Mutum ba ya zama ba wanka."

Daga ranar ya daina miƙa hannu. In 'yan dubiya sun zo daga Daura, abokansa na masallaci da masu kawo hula, sai ya cusa hannayensa cikin bargo ya gaishe su da baki. Suka ɗauka rashin ƙarfi ne. Butarsa ya ce kada wanda ya taɓa. In zan goge masa jiki sai ya matsa sai na sa safar hannu ta roba, in na ƙi ya juya baya.

Aka cire robar wuyan, aka sa wata a cinya. Aka fara ba shi magani ta jijiya, aka ce zai ɗauki makonni. Zazzaɓin ya sauka. Na sake sa rai, Allah ya sani na sake sa rai.

Na samu likitan a baranda na faɗa masa abin da ke faruwa. Ya dafe kansa. Ya ce, "Ban san haka zai ɗauke ta ba." Washegari da ya zo zagaye sai ya tsaya, ya cire safar hannunsa a gaban Baba, ya miƙa masa hannu tsirara.

"Baba, ina kwana. Ba za ka gaisa da ni ba?"

Baba ya dubi hannun. Kunya ta hana shi barin babban mutum da hannu a miƙe, sai ya fito da nasa. Likitan ya riƙe shi da hannu biyu, ya ƙi saki.

Ya ce, "Ka ga hannun nan nawa? Ba a ƙirga wankin da nake masa a wuni. Duk da haka tana nan. Jaririn da aka haifa yau, kafin a yi suna ta zauna a jikinsa. Haka Allah ya yi fata. Da kana wanka sau goma a rana da ba ta tafi ba. Ba datti ba ce. Ƙofa ta samu, mu muka buɗe ƙofar don mu ceci ranka, kuma ba mu da wata hanyar."

Baba ya ce, "Na gode, likita. Allah ya yi albarka."

Da ya tafi, Baba ya ce, "Yaron kirki ne." Sannan ya mayar da hannunsa cikin bargo.

A cikin makonnin nan matata ta haihu a Daura, mace. Na je na yi kwana biyu aka yi suna, na sa wa jaririyar sunan mahaifiyar Baba. Da na dawo na faɗa masa, ya rufe ido ya daɗe, sannan ya ce, "Uwata ta dawo ke nan." Ranar ya ci abinci sosai. Ya tambaye ni kamar wa ta yi, na ce Inna ta ce goshinsa ne. Ya ce, "Kai, an cuce ta," ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Tarin nan bai tafi ba. Sannu a hankali kwanciya ta gagare shi, sai an jingina shi da matasai, daga baya ma sai a zaune yake barci, ya kifa kai a kan teburin gado. Aka sake hoton zuciya. Likita ya ce maganin ya ci ƙarfin ƙwayar a jini, amma ƙofar ta riga ta yage, jini yana komawa baya, ruwa yana taruwa a huhu. Gyaranta sai an buɗe ƙirji an sa wata. Ya ce ya yi magana da manyansa, duk sun ce jikin Baba ba zai ɗauki wannan aikin ba.

Wata safiya ina ba shi koko sai cokalin ya zame daga bakinsa, kokon ya gangaro ta gefe. Ya so ya goge, hannun dama ya ƙi tashi. Ya dube ni ya yi magana, kalmomin suka fito a cakuɗe. Aka ce wani ɗan ɓarɓashi ne ya ɓalle daga abin da ya taru a ƙofar zuciyar, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan kwanaki maganar ta dawo, da nauyi, amma hannun bai dawo ba. Hannun da ya yi shekaru yana murza buroshi, ga shi kwance a kan cinyarsa, in ya zame sai ya sa na hagu ya ɗauko shi.

Injin ma ya fara fin ƙarfinsa. Da an ɗora shi sai jininsa ya faɗi, idonsa ya juye, a tsayar a kan dole. Aka gwada a hankali, aka gwada a gajarce. Ranar da aka sauke shi karo na ƙarshe, da ya farfaɗo ya yafito ni da hannun hagu.

"Malam. Ka ce su cire."

"Me za a cire, Baba?"

Ya nuna cinyarsa. "Ka kai ni gida."

Na ce, "Baba, in aka cire ba wanki."

Ya ce, "Na sani. Ni ma mai wanki ne. Akwai hular da in ka ƙara mata buroshi, zare za ka tsinka."

Na fita na tsaya a bayan ɗakin, inda masu jinya ke shanya, na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro. Wata tsohuwa da ke wanke kwanuka ba ta tambaye ni komai ba, ta ce, "Sannu, ɗan nan. Sannu." Na kira Inna. Na faɗa mata, ta ce, "Ka yi abin da ya ce. Ka kawo mini shi."

Likitan bai yi musu ba. Ya zauna ya faɗa mini abin da zan gani a gida, ba ɓoye-ɓoye: barci zai yi ta ƙaruwa, wani lokaci zai rikice, numfashi zai yi wuya, ga abin da za a ba shi ya samu sauƙi. Aka cire robar cinyar, ya raka mu har bakin mota. Baba ya ɗaga masa hannun hagu daga nesa.

Gero ya fitar da kai a lokacin, gonaki kore shar tun daga Kazaure har gida. Baba yana jingine a jikin ƙanena, da ya zo ɗaukarmu, a kujerar baya, yana kallon waje. Da muka shigo gari ya ce a bi ta rumfa. Direba ya bi. Ba a tsaya ba, ya dai duba, rumfar a rufe, katakan a jere ba komai a kansu.

Inna ta share ɗakinsa ta yi turare. Da aka zaunar da shi, ta shiga ta fito da jaririyar a naɗe cikin tawul. Matata tana tsaye daga bakin ƙofa.

Inna ta ce wa Baba, "Malam, ga uwarka ta zo gaishe ka."

Ya ce, "A'a. Ku tsaya can. Ina ganinta daga nan."

"Karɓe ta mana."

"Na ce a'a. Ba ta da ƙwari."

Inna ba ta saba yi masa gardama ba, amma ranar ta matso ta ɗora yarinyar a kan cinyarsa ta ja da baya. Ya ɗaga hannun hagunsa sama kamar wanda aka ɗora wa garwashi. Yarinyar ta motsa, ƙafarta ɗaya ta fito daga tawul. Ya daɗe yana kallon ƙafar. Sai ya kama gefen tawul ɗin da yatsu biyu ya rufe ta, sannan ya ɗora tafinsa a kan tawul ɗin, a hankali. Ya yi mata addu'a, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye. Iyakar taɓawar da ya yi mata ke nan. Fatarsa ba ta taɓa haɗuwa da tata ba.

Da wurin robar ya kame, wata safiya ya ce, "Malam, yanzu fa? Akwai sauran abin da ruwa zai ɓata?"

Na ce, "Babu, Baba."

Inna ta ɗora babbar tukunya. Muka sa kujera 'yar tsugune a makewayi, inda rana ke faɗowa da hantsi, ni da ƙanena muka ɗauko shi. Ƙanena ya riƙe shi ta baya. Na ɗauko safar hannun da muka zo da ita daga asibiti, don na san zai tambaya. Ya dube ta, ya dube ni.

Na ce, "Soso ba ya riƙuwa da ita, Baba."

Na ajiye ta.

Na cika kwanon wanka na zuba masa tun daga tsakiyar kai. Ruwan ya bi wuyansa, ya bi ta kan tabon robar, ya sauka ƙirji. Ya ja numfashi, ya rufe ido. Na sa sabulu na cuɗa bayansa, ƙasusuwan duk a waje, na cuɗa hannun da ya mutu, na bi tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin kan mahaifina ba hula na tsawon lokaci haka ba. Ashe yana da wani tsohon tabo a ƙeya, ban san na mene ne ba, ban kuma tambaya ba.

Ya ce, "Ƙara."

Na ƙara.

"Ƙara."

Sai da tukunyar ta ƙare, Inna ta miƙo wani bokitin ta saman katanga. Da muka mayar da shi ɗaki ta sa masa farar riga ta shafa masa turare. Ya yi barci a zaune, barci mai daɗi, har azahar.

Bayan nan abin ya tafi kamar yadda likita ya faɗa. Barci ya yi yawa. In ya farka wani lokaci ya san mu, wani lokaci ya tambayi ko an kwashe hulunan kafin hadari. Inna ba ta bar gefensa ba. Takan riƙe hannunsa, a lokacin ya daina janyewa, ban sani ba ko ya haƙura ne ko kuwa bai san an riƙe ba. Ranar wata Litinin bayan la'asar, ina alwala a tsakar gida, na ji ta ɗaga murya da kalmar shahada. Kafin in shiga ya cika. Aka kai shi kafin magariba.

A zaman makoki kowa ya tambaya sai in ce ciwon ƙoda ne. Ya fi sauƙin faɗa, kuma mutane sun san shi. Inna kuwa in an tambaye ta cewa take kwana ne ya ƙare. Ƙanena ya riƙe rumfar zuwa bayan salla, sannan ya sayar da bahunan ya koma sayar da katin waya a wurin.

Bayan an share makoki da daɗewa, wani tsoho ya yi sallama a ƙofar gida. Dillalin shanu ne daga wani ƙauye bayan Mai'aduwa, ya ce tare suka yi ƙuruciya da Baba, yana can cikin Nijar bai ji rasuwar ba sai da ya dawo. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Bayan addu'a ya ce, "Ɗana, me ya same shi? Na bar shi garau."

Ban san dalili ba, shi kaɗai na faɗa wa duka. Robar, da zazzaɓin, da ƙwayar da ke kan fatar kowa, da ƙofar zuciya da ta yage. Na faɗa masa yadda Baba ya daina ba mutane hannu. Ya saurara bai katse ni ba, yana murza gemunsa.

Da na gama ya ce, "Shi ɗin? Shi ya ce shi ƙazami ne?"

Na ce, "Shi."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Muna yara, in mun je kiwo muka sha ruwa a tafki, shi sai ya tace da bakin rigarsa. Mu yi ta yi masa dariya." Ya sa gefen rawaninsa ya share ido. "Da na sani da na zo. Da ni zai ba hannu, ko ya so ko bai so ba."

Ya nemi ya gaida Inna, ta amsa masa daga bayan labule. Sannan ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce in ba zan damu ba in nuna masa inda aka sa shi. Na ɗauko takalmina muka fita. Tafiyarsa a hankali take, sai na riƙa rage tawa.